Yini Ɗaya Daga Akra Zuwa Cape Coast da Elmina: Tafiyar da Sai a Karo na Biyu Ta Yiwu

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa ɗan kasuwa ne mai shagon atamfa da leshi, haifaffen Nima, ɗaya daga cikin manyan zangunan birnin Akra a ƙasar Gana. Matarsa Bakanuwa ce ta wajen uwa. A wani watan Oktoba suka aurar da 'yarsu ta fari, dangin matar mutum 5 suka zo daga Kano: gwaggonta, dattijuwa mai shekara 70 da 'yan kai, mai fama da ciwon suga da ciwon gwiwa, 'yar gwaggon, wani saurayi ɗalibin jami'a, da yara 2 'yan firamare. Biki ya watse ranar Lahadi, jirginsu na komawa kuwa sai Alhamis ta mako na gaba.

Tun saukarta Hajiya, wato gwaggon, ta faɗi abin da take so. Ta daɗe tana jin labarin gidajen bayi da Turawa suka gina a bakin tekun Gana, ta ce ba za ta koma Kano ba ta gani da idonta ba. Yaran su ruwa suke so su taka, domin ko da yake Akra ma a bakin teku take, hidimar biki ba ta bari an kai su ba. Ɗalibin kuma komai yake so ya gani.

Sharaɗi biyu ne suka ɗaure maigidan. Hajiya ta ce ita ba ta kwana a otal. Shi kuma ba zai iya barin shago kwana biyu a jere ba bayan makon da biki ya cinye masa. Saboda haka tafiyar ta zama ta yini ɗaya, a je a dawo, mutum 9 in an haɗa da shi da matarsa da samarinsa 2.

Cape Coast, inda ɗaya daga cikin gidajen bayin yake, tana yamma da Akra, kimanin kilomita 145 a kan babbar hanyar bakin teku da ta wuce har Takoradi. Elmina, mai wani gidan bayin, tana gaba da ita da kilomita 12 ko 13. Dajin Kakum yana arewa da Cape Coast da kimanin kilomita 30, Assin Manso kuma kimanin 40 a kan hanyar Kumasi. A taswira duk suna tattare wuri ɗaya.

Jerin da aka rubuta daren Juma'a

Ɗalibin aka bar wa tsara tafiya, tunda shi ne mai waya a hannu. Ya zauna a tsakar gida ya duba intanet, ya fito da wuri 6: gadar igiya ta Kakum, gidan bayi na Cape Coast, na Elmina, kogin Assin Manso inda ake yi wa bayi wankan ƙarshe kafin a kai su bakin teku, tsohon sansanin Turawa na Anomabo a hanyar dawowa, da wanka a teku. Taswirar wayarsa ta ce awa 3 ne daga Akra. Ya lissafa: a tashi ƙarfe 6, a isa ƙarfe 9, kowane wuri awa ɗaya, a kamo hanya ƙarfe 4, a ci abincin dare a gida.

Aka zaɓi Asabar saboda samarin gidan ba su da makaranta. Aka kuma yanke shawarar shiga motar haya daga tashar Kaneshie, inda motocin yamma suke lodi, don rage kuɗi. Ba a tanadi abinci ba, aka ce a saya a can. Ba wanda ya tambayi lokacin da ake rufe gidajen bayin.

Dabara ɗaya ɗalibin ya kafe a kai, wadda kuma kowa ya ga ta yi ma'ana: a fara da wuri mafi nisa, a riƙa gangarowa. Wato Kakum tukuna.

Asabar: fita ta farko

Hajiya ce ta fara shiryawa. Agogon hannunta yana kan lokacin Kano, wanda ke gaba da na Gana da awa ɗaya, don haka tun ƙarfe 5 tana zaune da mayafinta, ta sha koko ta haɗiyi maganinta. Sauran gidan ba su fito ba sai ƙarfe 7. Sun isa Kaneshie da 7:30, suka tarar motar da ke kan layi saura kujera 4. Maigidan ya ƙi a raba su, suka jira ta gaba ta cika. Ƙarfe 8:20 suka tashi.

Daga mararrabar unguwar Mallam zuwa Kasoa, garin da ke bakin Akra ta yamma, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba ce. Ta ci musu fiye da awa ɗaya da rabi. Asabar ita ce ranar jana'iza a kudancin Gana, da safe mutanen Akra ke kwarara garuruwansu cikin baƙaƙe da jajayen kaya, ga masu ɗaurin aure, ga manyan motocin kaya. Duk hanya ɗaya suka nufa da su. Bayan Kasoa ma motar ta riƙa tsayawa tana sauke wannan tana ɗaukar wancan. Ƙarfe 12:30 suka sauka a Cape Coast.

Nan take aka soke Assin Manso da Anomabo ba tare da gardama ba. Amma aka riƙe dabarar farawa da Kakum. Mutum 9 sai tasi 3, cinikin kuɗin zuwa da jira da dawowa ya ɗauki kusan rabin awa a tsaye cikin rana. Sun isa ƙofar dajin wajen 1:45.

Kakum daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 375, abin da ke jan mutane zuwa can kuwa ita ce gadar igiya da aka buɗe a 1995: gadoji 7 da aka ɗaura daga wata doguwar bishiya zuwa wata, tsawonsu gaba ɗaya kimanin mita 350, wasu wuraren mita 30 ko fiye daga ƙasa. Abin da jerin ɗalibin bai ƙunsa ba shi ne kafin a kai ga gadar sai an hau tudu da ƙafa, a kan matakalar duwatsu, cikin zafi mai ɗanshi. Hajiya ta dubi hawan ta ce, "Ku je, Allah ya tsare. Ni nan na tsaya." 'Yarta ta zauna da ita. Saura suka shiga layi a bayan motoci biyu na 'yan makaranta da suka zo yawon buɗe ido, domin rukuni-rukuni ake shiga da ɗan jagora. Suna kan gada ta huɗu aka sako ruwa, irin na ƙaramar damina da ake yi a wannan yanki daga Satumba zuwa Nuwamba.

Kusan awa biyu Hajiya ta yi a kan benci. Rabonta da abinci tun kokon ƙarfe 5, sai biskit da lemon kwalba. Jiri ya fara ɗibarta, hannunta na rawa, sai da 'yarta ta nemo mata shinkafa.

Ƙarfe 3:45 suka baro Kakum. Babu lokacin gida biyu, aka zaɓi Elmina saboda ita ce mafi tsufa. Sun tsaya a bakin ƙofarta ƙarfe 4:50. Gidajen bayin duka biyu suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta Gana, ana buɗe su ƙarfe 9 na safe a rufe 4:30 na yamma. Suka ɗauki hoto a jikin bango. Azahar da la'asar a harabar wani gidan mai aka haɗa su, da aron buta. Rana a wannan gabar tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, duhu kuma ba ya jira, don haka yaran ba su taka ruwa ba. Sun samu mota da magariba, suka shiga Nima wajen ƙarfe 11 na dare.

Sakamakon ranar a taƙaice: awa 16 a waje, wuri 1 cikin 6, kuma wadda aka yi tafiyar dominta ba ta ga komai ba sai bango da benci.

Lahadi da Litinin: sake lissafi

Hajiya ba ta yi ƙorafi ba. Washegari da maigidan ya shiga gaishe ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Alhaji, ai mun ga hanya." Wannan ya fi masa faɗa ciwo.

Bayan sallar la'asar ya tari wani dattijon direba ɗan unguwarsu, wanda ya yi shekaru yana bin hanyar Takoradi, yanzu yana da ƙaramar bas da ake ɗaukar shata. Ya kwashe labarin ya faɗa masa. Dattijon bai tambayi wuraren da suke so su gani ba. Tambayarsa ta farko, wa ya fi kowa rauni a cikinku, kuma minti nawa zai iya yi a tsaye? Ta biyu, ƙarfe nawa kake so ka ga kanka a ƙofar gidanka? Ta uku, in wuri ɗaya tak za a gani, wanne ne?

Da ya ji amsoshin sai ya ce, "To Alhaji, daga baya za mu fara lissafi." In ana so a shiga gida kafin isha'i, dole a bar Elmina ƙarfe 3. In ana so a shiga gidan bayi da rukunin farko, kafin rana ta yi zafi kuma kafin motocin 'yan makaranta, dole a kasance a ƙofa ƙarfe 9. Tsakanin 9 da 3 awa 6 ne. A cire salla da abinci, a cire tafiya tsakanin garuruwan biyu, a cire shiga da fitar mutum 9 daga mota, wanda shi kaɗai ba ya gaza minti 10 a kowace tsayawa. Abin da ya rage bai wuce awa 4 ba. Wannan shi ne ainihin yinin, ba awa 7 da aka rubuta ranar Juma'a ba.

Batun rana kuma ya ce a bar Asabar da Lahadi. Dalilinsa shi ne abin da ya fi komai amfani a duk shawarar. Kasoa da kewayenta makwancin ma'aikatan Akra ne. A ranakun aiki, da safe cunkoson yana ɓangaren masu shiga birni, da yamma yana ɓangaren masu fita. Mai zuwa Cape Coast da asuba ya dawo da yamma, sau biyu ke nan yana tafiya a hannun da babu jama'a. Ranar Asabar abin juyawa yake yi, kai da taron duk ku nufi waje tare, Lahadi da yamma kuma ku dawo tare.

Juma'a ta wuce, Laraba an ware ta don sayayya a kasuwar Makola da ɗaurin kaya. Talata ta rage. Direban ya faɗa musu tun da wuri cewa masuntan ƙabilar Fante, mutanen yankin, ba sa shiga teku ranar Talata, al'ada ce tsohuwa a wannan gabar, don haka wanda ke son ɗanyen kifi daga jirgi ya haƙura.

Sabon tsarin ya tsaya a kan haka. Gidan bayi na Cape Coast kowa zai shiga. Elmina matasa su shiga, manya su ga gari. Kakum an riga an gani. Anomabo ta tagar mota za a gani. Assin Manso an soke. Ɗalibin ya yi gardama a kan wannan, ya ce, "Kawu, ai can ne labarin ya fara, in an cire shi rabin tarihi aka gani." Maigidan ya ce gaskiya ne, amma taura biyu ba ta taunuwa. Zuwa da dawowa kaɗai kusan awa biyu ne daga cikin huɗun.

Daren Litinin matar gidan ta dafa wake da shinkafa da ƙwai ta zuba a kula, aka cika filas biyu da koko, aka yi odar ƙosai wajen mai suyar bakin layi. Aka sa buta 2, darduma, jarkar ruwa, dabino da alewa a jakar Hajiya, da wata 'yar kujerar roba. Kowa aka ce ya riƙe katin shaidarsa, saboda kuɗin shiga na ɗan ƙasa dabam ne da na baƙo. Limamin unguwa ya tabbatar musu tafiyar ta zarce nisan kasaru. Aka gyara wa Hajiya agogo.

Talata da safe: hanya da gidan bayi na Cape Coast

An yi asuba, ƙarfe 5:15 mota ta tashi. Sun wuce Mallam da 5:40, Kasoa da 6:05. A ɗaya hannun motoci sun riga sun yi layi, fitilu a kunne, har inda ido ya tsaya. Sun wuce mararrabar Winneba kafin 7, suka tsaya a Mankessim, tsohuwar cibiyar Fantawa, minti 25 don karin kumallo da kewayawa. Daga nan hanya ta matso kusa da ruwa. Direban ya rage gudu a Abandze ya nuna musu kufan sansanin Amsterdam a kan tudu, ya sake ragewa a Anomabo. Ƙarfe 8:50 suna gaban farin ginin Cape Coast, suka shiga da rukunin farko.

Mutanen Suwidin ne suka fara kafa sansani a wurin a 1653, ya yi ta sauya hannu har Ingilishi suka ƙwace shi a shekarun 1660 suka mayar da shi hedikwatarsu a wannan gabar. Garin, wanda masu shi ke kira Oguaa, shi ne babban birnin mulkin mallaka har 1877 da aka koma Akra. Ginin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1979. A jikin bango akwai allon da Barack Obama da matarsa suka buɗe lokacin ziyararsu a Yulin 2009.

Zagayen yakan fara ne da kurkukun maza, kuma a nan aka ga amfanin zuwa da wuri. Hanyar shiga gangare ce, ba matakala ba, mai santsi, tana nutsawa cikin duhu. Da a ce akwai 'yan makaranta 60 a baya suna turowa, Hajiya ba za ta iya ba. Yanzu kuwa rukunin bai fi mutum 15 ba, ɗan jagoran ya jira ta sauka a hankali, samari biyu na riƙe da ita. A ƙasa ɗakuna ne masu rufin baka, iska da haske ba sa shigowa sai ta 'yan ƙananan kafofi can sama. Jagoran ya ce akan cusa maza har kimanin 1,000 a nan, su yi makonni ko watanni suna jiran jirgi. Ya sa suka dubi ƙasan da suke takawa. Ba dutse ba ne, ba siminti ba. A wani gefe an kankare an bar tubalin asali a fili, sauran duk abin da ya fita daga jikin mutane ne ya daskare shekara da shekaru ya zama daɓe. Sai ya kashe fitila na ɗan lokaci. Ƙaramar yarinyar ta ƙanƙame hannun uwar gidan.

Daidai saman wannan kurkuku cocin Turawan yake. Can sama kuma ɗakunan gwamna ne, masu manyan tagogi, iskar teku na kaɗawa, igwa jere a kan katanga suna fuskantar ruwa. Suka ga ɗakin da ake kulle wanda ya yi tawaye, babu taga ko ɗaya. Suka bi ta kurkukun mata zuwa ƙofar da ake kira ta tafiya ba dawowa, wadda ke buɗewa kan rairayi inda yau jiragen masunta suke.

Da jagoran yake bayanin inda ake kawo mutanen, ya ambaci kasuwar Salaga a arewa, da doguwar tafiyar ƙasa zuwa Assin Manso. Ɗalibin yana fassara wa Hajiya. Jin Salaga sai ta tsaya. Kakanta bafatake ne, ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da labarin ayarinsa aka rene su. Salaga ita ce babbar kasuwar goron da Hausawa ke zuwa, kuma a wannan kasuwar dai ake sayar da mutane. Ta ce a aje mata kujerarta. Ta zauna a inuwar tsakar ginin, ba ta hau gidan tarihin da ke sama ba, ba ta kuma yi magana da kowa ba sai jan carbi. Zagayen ya ƙare 10:15, matasa suka gama da gidan tarihi 10:45, ita ba ta tashi ba sai 11:20. Ba wanda ya ce mata lokaci na tafiya, saboda a wannan tsarin akwai rarar da za ta ɗauki hakan.

Talata da rana: Kotokuraba, Elmina, da komawa

Daga nan suka hau cikin gari zuwa Kotokuraba, babbar kasuwar Cape Coast, inda masallacin zango yake kusa. Azahar a nan tana shiga wajen ƙarfe 12. Suka yi kasaru, suka gaisa da mutane da Hausa, aka ba su wuri suka buɗe kula. Hajiya ta ci abinci a kan lokacinta.

Ƙarfe 1:10 suka kama hanyar Elmina, wadda ke bin bakin ruwa ƙarƙashin itatuwan kwakwa. A nan aka biya wa yara bukata: minti 15, ruwa iya idon sawu, kowane yaro hannunsa cikin na babba. Direban ya kafa wannan doka tun a mota, domin tekun wannan gabar yana da ja ta ƙasa, yakan kwashe ƙafar babba ma.

Sun isa Elmina 1:45 suka rabu biyu. Ɗalibin da samarin gidan da 'yar Hajiya suka shiga ginin. Mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara. Zinariya ta kawo su tun farko, cinikin mutane ya biyo baya. Mutanen Holan suka ƙwace shi a 1637 ta hanyar jan igwa zuwa kan tudun da ke fuskantarsa, daga baya suka gina wani sansanin a kan tudun don kada a yi musu yadda suka yi. Ingilishi suka karɓa a 1872, kuma a nan suka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin su kai shi gudun hijira. Waɗanda suka shiga sun ce abin da ya fi tsaya musu shi ne tsakar gidan mata, da barandar da gwamna ke tsayawa yana zaɓa daga sama.

Hajiya da maigidan da matarsa da yara suka tsaya wajen gadar da ke kan ruwan Benya. Kasancewar Talata ce, jiragen duk suna gida, ɗaruruwa, gefe da gefe, an yi musu fenti ja da rawaya da shuɗi, tutoci na kaɗawa, kowanne da rubutu a jikinsa. Masunta na zaune sun miƙe ƙafa, sun saƙala koma a babban yatsa suna ɗinke inda ta yage. Ɗanyen kifi dai babu, kamar yadda aka faɗa. Matar gidan ta sayi banda wajen masu ƙyafewa, Hajiya ta yi ta mita a kan farashin.

Ƙarfe 2:50 maigidan ya kira ɗalibin a waya. Yana so ya hau tudun sansanin na biyu, ya ce minti 20 kawai. Aka ce a'a. Ƙarfe 3:05 mota ta juya. Sun tsaya a Yamoransa, mararrabar hanyar Kumasi, inda mata ke jera dokunun Fante a naɗe cikin ganyen ayaba, suka yi tsaraba suka yi la'asar. Kasoa ta riƙe su kusan rabin awa, suka yi magariba a wani masallaci a zangonta. Ƙarfe 7:25 suna ƙofar gida.

Abin da ya raba tafiyoyin biyu

Nisan bai sauya ba, mutanen ma su ne. Jerin farko bai yi ƙarya a kan ko wuri ɗaya ba, duk suna nan kuma duk sun cancanci gani. Kuskurensa a ma'auni yake. Ya auna tafiyar da kilomita da kuma ƙafar saurayi, alhali abubuwan da ke yanke hukunci a wannan hanya guda huɗu ne da ba sa motsi: cunkoson Kasoa da alkiblarsa, ƙarfe 4:30 na rufe ƙofa, faɗuwar rana ƙarfe 6, da cikin mai ciwon suga. Awa 3 da waya ta nuna gaskiya ce, amma ga wanda ya wuce Kasoa kafin 6:30 a ranar aiki, cikin motar da ba ta tsayawa ɗaukar fasinja.

Dabarar farawa da wuri mafi nisa ita ce ta fi yin ɓarna, a ganina fiye da cunkoson. Ko da sun isa 12:30, da sun miƙe gidan bayi da Hajiya ta ga abin da ta zo gani, har da rarar zuwa Elmina. An sa abin da mutum ɗaya cikin tara bai iya ba a gaba, aka tura dalilin tafiyar baya, inda duk wani jinkiri zai taru ya faɗa kansa.

Shatar mota ta fi kuɗin tasha nesa ba kusa ba, wannan babu musu. Amma in aka haɗa kuɗin tasi 3 na ranar Asabar da jiransu, ratar ta ragu sosai, kuma shatar ce ta ba da damar ɗaukar kula da buta da kujera. Ga mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi, motar Kaneshie ta asuba ta wadatar. Daga mutum 5 zuwa sama, ko in da tsoho ko yara, lissafin juyawa yake yi.

Raba rukunin a Elmina ma ya yi daidai, ba don gwiwa kaɗai ba. Wanda ya sauka kurkukun Cape Coast da safe, ba kowa ne ke da zuciyar sake sauka wani bayan awa uku ba, kuma minti 35 ɗin da Hajiya ta ƙara a kan kujera ba ɓata lokaci ba ne.

Tsarin na biyu yana da nasa giɓin. Talata ta hana su ganin saukar kifi, wanda shi ne rayuwar Elmina, da Laraba ta samu da ta fi. Ɗalibin kuma yana da gaskiya a kan Assin Manso, musamman ga mutanen da tarihinsu ya ratsa ta Salaga. Wurin ya fi dacewa da mai gangarowa daga Kumasi, tunda a kan hanyarsa yake, ko mai kwana ɗaya a Cape Coast. Kakum da gidan bayi ɗaya suna shiga yini guda in duk matasa ne kuma an tashi da asuba. Kakum da gida biyu da Assin Manso kuwa tafiyar kwana biyu ce.